Saurin Hannu Daga Saurin Zato Yake Farawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana kan wani abu da labarinsa ba ya yankewa a shafukanku, wato a rasa rai ko a yi wa wani mummunan rauni a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Canjin kuɗin mota, taka ƙafa a layin famfo, gogar madubi a cunkoso, ko "kallon me kake min?" Bayan jana'iza sai a ce zuciya ce ta ɗebe shi, a yi wa matasa nasihar haƙuri, a watse. Nasihar gaskiya ce, amma a makare take isowa. Kafin mai saurin fushi ya tuna da haƙuri, zuciyarsa ta riga ta yanke hukunci cewa an raina shi, don haka haƙurin yakan zame masa kamar haɗiye wulaƙanci. Gyaran yana can baya kaɗan, inda ido ke zaɓar abin da zai gani, zuciya kuma ke ba shi ma'ana. Waɗannan biyun sabo ne, kuma sabo yana karɓar horo.

A ɗauki bakin Kantin Kwari da la'asar. Ɗan dako ya ɗauko dila a ka, ya bangaji kafaɗar wani saurayi, wayar saurayin ta faɗi. Abubuwan da ido zai iya kamawa a nan suna da yawa. Dilar ta rufe wa ɗan dakon gefe guda, mai baro na matsa masa ta baya, tun daga nesa yake cewa "hanya, hanya". Akwai kuma fuskarsa da nauyi ya sa ta murtuke, da wasu samari biyu a gefe suna dariyar wata hira tasu. Mai saurin hannu fuskar da dariyar kawai yake ɗauka. Daga nan ma'ana ta zo da kanta: da gangan ya yi, kuma ga shi ana min dariya. Duk wannan bai cika daƙiƙa guda ba, kuma shi a ransa ba zato ya yi ba, gani ya yi da idonsa. Shi ya sa in ka ce masa "wataƙila kuskure ne", sai ya ji kamar ƙaryata shi kake yi.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano wannan. A 1980 Kenneth Dodge ya yi wani gwaji da yara maza 'yan firamare a Amurka. Yaro yana haɗa wasan gutsattsarin hoto, sai wani yaron ya wargaza masa. Wani lokaci a fili yake mugunta ce, wani lokaci a fili yake taimako ya so yi, wani lokaci kuma ba a san niyyarsa ba. Inda niyya ta fito fili, yaran da aka sani da faɗa da waɗanda ba su da shi kusan martani ɗaya suka mayar. Bambancin ya bayyana ne inda niyya ta shige duhu: masu faɗa suka ɗauke ta mugunta, suka rama. A 2015 shi da abokan aikinsa suka wallafa binciken yara 1,299 daga ƙasashe 9, ciki har da Kenya da Jodan, aka sami abu ɗaya, cewa yaron da ya ɗora wa ɗan'uwansa mugun nufi shi ya fi kai hannu. Mu da harshenmu munana zato muke kiransa, kuma Suratul Hujurat, aya ta 12, ta umarce mu da nisantar da yawa daga zato.

Wannan sabo ba daga sama yake faɗowa ba. Yaron da ya tashi cikin duka, ko a unguwar da wanda ya yi sanyi ake takewa, ya koyi cewa saurin gano barazana shi ne tsira. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Sannan abin yana ciyar da kansa: ya mari wanda bai yi masa laifi ba, mutane su fara ɗaure masa fuska da gaske, shi kuma ya ce "ka gani ko? Dama na faɗa." Don haka zagi da bulala ba sa warware shi, hujja suke ƙara masa.

Sai dai a bambance. Maganata a kan faɗan da ke tashi nan take ce. Wanda ya kwana yana wasa wuƙa don ƙwacen waya ba kuskuren fahimta ya yi ba, lissafi ya yi, maganinsa daban ne.

Ga yadda horon yake, ko ga mutum ɗaya ko ga rukuni. Rukunin kada ya wuce mutum 8 zuwa 10 ga mai koyarwa ɗaya, zama biyu a mako, awa ɗaya kowane zama, na mako 6 zuwa 8.

Makon farko ba a gyara komai, rubutu kawai ake yi. Duk lokacin da ran mutum ya ɓaci, da dare ya rubuta abu huɗu a littafi: me ya faru, me na ce a raina, zafin ya kai nawa daga 0 zuwa 10, me na yi. Wanda ba ya boko ya yi da ajami, ko ya naɗi muryarsa a waya. Inda ake tuntuɓe shi ne tambayar farko. Za ka ga an rubuta "ya raina ni". Wannan fassara ce, gidanta tambaya ta biyu. Abin da ake so a ta farko shi ne abin da kyamara za ta ɗauka: "na yi masa sallama, bai ɗago kai ba, yana danna waya." Mai koyarwa ya nace a kan wannan har sai ya zauna, domin wanda bai iya raba abin da ya gani da abin da ya zata ba, sauran horon ba zai kama shi ba. Bayan kwana bakwai yawanci za a ga abubuwa biyu ko uku ne ke maimaita kansu, kallo, dariya a bayansa, ko jinkirin amsa, kuma a lokutan da aka sani, kamar tsakar rana cikin yunwa ko bayan kwanan zaune.

Daga mako na biyu sai a shiga horon zato, kuma nan ne ƙashin bayan aikin. A shirya kati kamar 40, kowanne da gajeren labari na layi biyu daga rayuwar mutanen da ake koyarwa. Ka tura wa abokinka saƙo a WhatsApp, ya buɗe, bai amsa ba har dare. Ka shiga majalisa, aka yi shiru. Kwandasta ya ba ka canji babu naira hamsin. Maigidanka a gareji ya kira yaron da ka girma ya ba shi aikin da kake jira. A kan kowane kati mutum zai kawo dalili uku da za su iya sa hakan. A bar shi ya faɗi mummunan, domin shi ne zai fara zuwa, in aka hana shi zai riƙe shi a ciki. Amma sai ya ƙara biyu da babu mugun nufi a cikinsu, sannan ya amsa tambaya ɗaya: me zan gani ko in ji da zai nuna min wanne ne gaskiya? Kati 10 a zama sun isa. A makon farko na horon katin a ba shi minti ɗaya a kan kowane kati, sannan a riƙa ragewa har ya iya kawo dalilan uku cikin daƙiƙa 10. Saurin shi ne abin nema. Mugun zato yana cin nasara ne don shi ke fara isowa, saboda haka sai an maimaita ɗayan har ya zama yana isowa tare da shi.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a sa duk katunan su ƙare da "ashe kuskure ne". Matashin da ya san titi zai gane ana so a mayar da shi sakarai, ya daina yarda da kai, kuma yana da gaskiya, domin akwai masu tsokana da gangan. A cikin kati 40, a sa kamar 24 masu harshen damo, 8 da a fili kuskure ne, 8 da a fili ganganci ne. Abin da ake koya masa shi ne tantancewa. A kan katunan ganganci kuma tambayar takan canza: to an yi da gangan, wane martani ne ba zai kai ni ofishin 'yan sanda ko asibiti ba? Cynthia Hudley da Sandra Graham sun gwada irin wannan horo da yara maza 'yan firamare a Amurka, darasi 12, suka wallafa a 1993 cewa yaran sun rage ɗora wa 'yan'uwansu mugun nufi, malamansu kuma suka ga faɗansu ya ragu.

Horon ido yana tafiya tare da wannan. Mai saurin fushi yakan yanke hukunci da alamu kaɗan, kuma da zarar ya ga abin da ya yi kama da barazana idonsa yakan kafe a kai. Atisayen mai sauƙi ne. A nuna hoton kasuwa ko tasha na daƙiƙa 5, a rufe, a ce ya lissafo abu biyar da ya gani. Da farko fuskokin da suka ɗaure zai kawo. Sai a sa masa doka: bayan fuska, dubi hannu, dubi abin da yake ɗauke da shi, dubi abin da ke bayansa. A waje kuma ya yi aikin gida na minti 5 kullum a wurin jama'a, yana ƙirga mutanen da hankalinsu ba ya kansa ko kaɗan, da duk wata ƙaramar alfarma da ya gani, wanda ya matsa wa wani a benci, wanda ya ɗaga hannu don ba da haƙuri a hanya. Amma kada a tsaya a ido kaɗai. Binciken da aka yi da na'urar bin motsin ido ya nuna cewa masu yawan fushi sukan kalli alamun rashin laifi, har su daɗe a kansu, amma fassarar da ta riga ta shiga ba ta barin alamun su yi tasiri. Shi ya sa dole duk abin da aka gani a faɗe shi da baki a haɗa shi da ma'ana: "dila ta rufe masa ido, ke nan bai gan ni ba."

Akwai kuma nau'in da ake yi da kwamfuta. A 2013 Ian Penton-Voak da abokan aikinsa na Jami'ar Bristol a Ingila suka haɗa hotunan fuska 15, daga mai fara'a sosai zuwa mai fushi sosai, na tsakiya kuma ba a iya cewa ga inda suka dosa. Da farko a gano inda mutum ke fara cewa "wannan fushi ne". Daga nan kwamfuta ta riƙa yi masa gyara, tana ce masa hotuna biyu na gaba da iyakarsa fara'a ce, har iyakar ta matsa. Da aka gwada da matasan da ake fargabar za su faɗa aikata laifi, ma'aikatan da ke kula da su sun ga faɗansu ya ragu a makonni biyun da suka biyo baya. Abin ƙarfafa gwiwa ne, kuma wayar hannu za ta iya ɗaukarsa. Amma matasan da aka gwada kaɗan ne, kuma gwaje-gwajen irin wannan horo da suka biyo baya sakamakonsu ya sha bamban, domin canza amsa a allo ya fi canza hali a titi sauƙi. Ni a ganina ƙari ne a kan zama da mutane, ba ya maye gurbinsa.

Yanzu sai jiki. Duk abin da aka koya a inuwa yakan gudu in jini ya hau, don haka mutum ya san alamarsa ta farko: zafi a ƙeya, cije haƙori, dunƙule hannu, ko murya ta fara rawa. Sai ya haddace jumla ɗaya mai sharaɗi, wadda ta ambaci alamar da aikin: "In na ji hannuna ya dunƙule, zan buɗe shi, in ja baya taku biyu, in tambaya." Irin wannan ƙudurin ya fi "zan riƙa haƙuri" aiki nesa ba kusa ba, saboda ba ya buƙatar tunani a lokacin da tunani ya tsaya. Ya haɗa da numfashi, shaƙa cikin daƙiƙa 4, fitarwa cikin 6, sau goma, kuma ya riƙa yinsa safe da yamma yana cikin natsuwa don ya zame masa jiki. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai tafi ba ya kwanta, wannan hanyar ya nuna, ta sauke zafin jiki. In zafin ya wuce 7 cikin 10, a bar wurin, kuma kada a dawo kafin minti 20.

Abin da ba ya aiki shi ne "fitar da fushi". Brad Bushman ya nuna a 2002 cewa waɗanda suka daki buhun dambe suna tunanin wanda ya ɓata musu rai sun fi waɗanda suka zauna shiru fusata daga baya. A 2024 aka tattara bincike 154 na mutum sama da 10,000, aka ga abin da ke sanyaya jiki shi ke rage fushi, abin da ke ƙara masa zafi kuma ba ya ragewa, gudun sassarfa ma ƙarawa yake. Haka barin wuri ba shi da amfani in za a je a zauna ana tariyar abin a zuci, ko a faɗa hannun 'yan zuga masu "kai yanzu ka yarda?" Shi ya sa kowane ɗan rukuni yake buƙatar aboki ɗaya da aka yi yarjejeniya da shi tun farko, wanda in an kira shi tambayarsa ɗaya ce: "me ka gani da idonka?"

Daga mako na huɗu sai a fara wasan kwaikwayo, a hankali. A fara da bangaza mara magana, sannan a ƙara tsaki, sannan baƙar magana, sannan 'yan kallo masu dariya, domin idon jama'a shi ke ninka zafin raini. Wanda ake horarwa ya ji alamar jikinsa, ya ja baya, ya dubi abu uku, ya yi tambaya. Lafazin tambayar ma sai an gyara shi. "Malam, lafiya?" da sanyin murya tambaya ce, "kai makaho ne?" kuwa mari ne da baki. Ba a taɓa iyaye a wasan, ba a haɗa mutum biyu da ke da tsohuwar gaba, kuma ba a tsallake mataki sai mutum ya wuce na ƙasa sau uku zafinsa bai haura 5 ba. Wanda aka jefa cikin mai zafi tun farko zai fashe a gaban rukuni, ya tafi da yaƙinin cewa shi ba ya gyaruwa.

A birnin Shikago na Amurka akwai wani shiri na 'yan sakandare da ke buɗewa da atisayen da kowa zai iya yi gobe. A ba yaro ɗaya ƙaramar ƙwallo ya dunƙule a hannu, a ce wa ɗayan yana da daƙiƙa 30 ya karɓo ta. Kusan kowa kokawa yake kamawa. Bayan an gama sai a tambaye shi me ya hana shi roƙa, ya ce ai ba zai ba ni ba. A juya ga mai ƙwallon, ya ce da ya tambaya da na ba shi. Binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna kamen laifukan tashin hankali ya ragu da kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari a tsakanin 'yan shirin lokacin da yake gudana, sai dai a gwajin farko bambancin ya dusashe bayan an kammala. Darasin da ke ciki shi ne a ci gaba da zaman tuni, ko sau ɗaya a wata.

Wanda ya fi kusa da halinmu shi ne na Monrobiya a Laberiya, inda aka ɗauki maza 999, da yawansu tsofaffin mayaƙa da masu sata da dillancin ƙwaya. Ta hanyar ƙuri'a wasu suka sami horon mako 8, wasu dala 200, wasu duka biyun, wasu ba su sami komai ba. Bayan shekara guda tasirin horo kaɗai ya yi rauni, amma na waɗanda suka haɗa horo da kuɗi ya tsaya, kuma bayan shekara 10 laifi da tashin hankali a cikinsu sun ragu da kusan rabi. Masu koyarwar ba likitoci ba ne, da yawansu sun taɓa irin wannan rayuwar. Masu binciken suna ganin kuɗin sun ba mutanen 'yan watanni na sararin gwada sabon hali ba tare da yunwa ta mayar da su gidan jiya ba.

Akwai inda bai kamata a kai wannan horo ba. Matar da mijinta ke duka ba zato take yi ba, kada a ce ta nemo masa uzuri uku, kariya take buƙata. Wanda ke shan tiramadol ko kodin ko sholisho, sai an haɗa da maganin shaye-shayen, domin maye yana ƙuntata hankali ya bar shi da abin da ya fi tsokana kawai. Wanda kuma fushinsa ya fara bayan buguwa a ka, ko yake jin muryoyi, ko ya kafe cewa ana ƙulla masa makirci, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, irin na Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato ko na Maiduguri.

Roƙona ga masu riƙe da matasa, malaman Islamiyya da na sakandare, shugabannin ƙungiyoyin direbobi da 'yan adaidaita sahu, kwamitocin unguwa da jami'an gidajen gyaran hali, shi ne kowa ya gwada da rukuni ɗaya. Kayan aikin kati ne da littafi da benci. A nemi masanin halayyar ɗan Adam daga jami'a ko asibiti mafi kusa ya horar da masu koyarwa ya kuma riƙa leƙo su. Kafin a fara, a sa wani wanda ba ya cikin masu koyarwa, malamin aji ko shugaban tasha, ya rubuta yawan faɗan da kowane ɗan rukuni ya yi a wata guda. A sake ƙirgawa bayan mako 8, a sake bayan wata 6, sannan a aiko wa wannan jarida alƙaluman, ko sun yi daɗi ko ba su yi ba, don waɗanda za su biyo baya su san abin da za su gyara.

Na gode da wannan fili.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku, daga Kano